AMSOSHIN WASIƘUNKU: Shin gem na iya faɗin wanda zai ci ƙwallo?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Tsamiya, ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Ga abin da yake cewa:

"Bayan dubun gaisuwa, don Allah ku raba muna gardama. Muna da gidan kallon ƙwallo da gidan gem wuri guda, kuma 'yan uwanmu na Segbana suna ƙetarowa mu yi kallo tare. A gem, kullum 'yan wasan Nijeriya sun fi na Benin maki. To mi ya sa Benin ta doke mu a 2024? Har wasu samari sun yi asarar kuɗi don sun dogara ga gem, abin ya kusa ɓata zumunci. Kuma mi ya sa aka bar kiran gem ɗin FIFA?"

To malam, mun gode da wannan wasiƙa. Bari mu fara da tambayarka ta biyu, domin ita za ta share mana hanya.

Shi dai wannan wasa na kwamfuta, wani kamfanin Amurka mai suna Electronic Arts, ko EA a taƙaice, shi ya fito da shi a 1993. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, ba ita ke ƙera shi ba. Sunanta kawai ta ba da haya, ana biyanta. Bayan kusan shekara 30 suna tare, sai suka kasa daidaitawa kan kuɗin hayar, aka ba da sanarwar rabuwa a watan Mayun 2022. FIFA 23 shi ne na ƙarshe, daga watan Satumban 2023 kuma sai ya koma EA Sports FC. Shi ma abokin hamayyarsa na kamfanin Konami na Japan, wanda kuka sani da Winning Eleven ko PES, ya koma eFootball tun 2021. Sunayen 'yan wasa ba su ɓace ba, domin izininsu daga ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, da kulob-kulob ake samo shi.

Yanzu sai batun maki. Kowane ɗan wasa ana ba shi lamba da ba ta wuce 99 ba, bisa gudu, da harbi, da miƙa ƙwallo, da yanka, da tsaron baya, da ƙarfin jiki. Mutane ne ke sa wannan lamba: ma'aikatan kamfanin, da dubban masu sa ido da ke aiko musu da rahoto. Wato ra'ayi ne na ɗan Adam, kuma akasari a kan abin da ɗan wasa ya yi wa kulob ɗinsa ake gina shi. Wanda ke wasa a Ingila ko Italiya, ana ganinsa kowane mako. Wanda ke wasa a gida ko a wata ƙaramar gasa, ba kowa ke ganinsa ba. Gasar Nijeriya ma, inda su Kano Pillars suke, ba ta cikin gem ɗin na EA, haka ita ma ta Benin. Idan kun ga irin waɗannan ƙungiyoyi a gidan gem, to wani ne ya yi wa faifan kwaskwarima, ya rubuta makin da ya ga dama.

Saboda haka ba mamaki Nijeriya ta fi maki. Victor Osimhen ne gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, Ademola Lookman kuma na 2024. Nijeriya ta ci kofin Afirka sau uku, a 1980 da 1994 da 2013, alhali Benin ba ta taɓa wuce zagayen kusa da na kusa da ƙarshe ba, inda ta kai a 2019 bayan ta fitar da Maroko.

To me ya faru ran 10 ga watan Yunin 2024? A birnin Abijan aka yi wasan, na neman gurbin kofin duniya na 2026. Raphael Onyedika ya fara ci wa Nijeriya, sai Jodel Dossou ya rama, Steve Mounié ya ƙara, duk kafin hutun rabin lokaci. Aka tashi biyu da ɗaya. Osimhen bai buga ba saboda rauni. Kwana uku kafin nan Nijeriya ta yi kunnen doki da Afirka ta Kudu a Uyo, sannan ta kama hanya. Mai horar da ita, Finidi George, sabon kamu ne, kuma bayan wasan ya ajiye aiki. Shi kuwa kocin Benin, Bajamushe Gernot Rohr, shi ya horar da Nijeriya daga 2016 zuwa 2021, ya san ciki da wajen 'yan wasanta. Ka ga gem bai san rauni na jiya ba, bai san gajiyar tafiya ba, bai kuma san sirrin da koci ya taho da shi ba. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Amma kada 'yan Segbana su yi saurin dariya. A watan Satumban 2024 Nijeriya ta ci Benin uku da nema a Uyo, a Nuwamba aka yi ɗaya da ɗaya. Ran 14 ga Oktoban 2025 kuma, Benin ta zo Uyo tana saman rukuni, aka zura mata huɗu da nema, uku daga ciki na Osimhen. Afirka ta Kudu ta wuce da maki 18, Nijeriya da Benin kowacce 17. Daga baya Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da Nijeriya a bugun fenariti a Rabat, cikin Nuwamban 2025. Ƙarshenta dai maƙwabtan biyu duk ba wadda ta samu gurbin.

To malam, ga hukuncinmu. Maki na nuna maka wanda ya fi gwanaye a takarda, kuma cikin wasanni huɗun nan Nijeriya ta ci biyu, Benin ɗaya, an yi canjaras ɗaya. Amma ba ya faɗin abin da zai faru a minti 90 na rana guda. A gidan gem ma, ai ka sha ganin yaro gwani ya ɗauki ƙaramar ƙungiya ya lallasa mai Real Madrid, domin hannun da ke riƙe da abin sarrafawa shi ke wasan.

Shawararmu ga samarin Tsamiya da Lolo da Illo da Ka'oje: a yi gem don nishaɗi, a yi gardama don raha, kada a zuba kuɗin gumi a caca bisa lambar da wani ya rubuta a ofis. Kasuwa ɗaya kuke ci da mutanen ƙetare, ga auratayya. Ƙwallo ake bugawa a tashi, zumunci kuwa yana nan.

Da fatan ka gamsu, kuma a gaishe mana da 'yan gidan kallo na ɓangarorin biyu. Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.