Manomin da ke fille wa furensa kai

A ƙasar Holan, tun ƙarshen watan Janairu ƙasa ke fara motsi a ƙofar gidajen mutane. Akwai wani ɗan farin fure mai sunkuyar da kai da ke riga kowa fitowa, wani lokaci ma ta cikin dusar ƙanƙara yake ɓullowa. Sai kurokas ya biyo shi a Fabrairu, a Maris dafodil mai ruwan ɗorawa ya cika bakin hanya, sannan a Afrilu tulip ya zo ya rufe taro. Ɗan filin da ya yi wata huɗu babu komai a cikinsa sai baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, a wayi gari ya zama abin tsayawa kallo. Idan ka tambayi matar gidan wace wahala ta sha, za ta ce maka ba wata mai yawa. Tun cikin Oktoba ko Nuwamba ta sayo 'yar jaka ta wasu abubuwa masu siffar ƙananan albasa, ta tona rami kusan zurfin taƙi guda, ta jera su tsininsu na kallon sama, ta rufe, ta koma ɗaki ta kunna na'urar ɗumama gida. Sauran aikin sanyi ne ya yi shi, da wani manomi da ba ta taɓa gani ba, wanda sana'arsa ita ce noman albasar fure.

Duk sana'ar nan a kan sanyi ta dogara. Albasar tulip ba ta fitar da fure mai kyau sai ta kwana a ƙasa mai sanyi, ƙasa da digiri 9 a ma'aunin Salshiyas, na tsawon mako 12 zuwa 16. A wannan lokacin ne take jefa saiwa, garin da ta tara a jikinta yana juyewa yana zama sukari, shi ne kuma zai tura karan sama da zarar ɗumi ya dawo. Idan sanyin ya gaza, karan yakan fito gajere, furen ya maƙale tsakanin ganye. Halin nan daga gida ta taho da shi. Asalin tulip duwatsun tsakiyar Asiya ne, wajen tsaunukan Tien Shan da Pamir, inda hunturu ke da tsanani, rani kuma ya bushe ƙayau. Daga can ya shiga lambunan sarakunan Daular Usmaniyya, daga Istanbul ya ƙetara Turai. A 1593 masanin tsirrai Carolus Clusius ya shuka shi a lambun jami'ar Leiden, a bazarar 1594 ya yi fure, kuma daga nan mutanen Holan ke lissafin tarihinsu da shi.

Shekarar manomin tana farawa ne a kaka, daidai lokacin da sauran manoma ke kai amfani rumbu. Tsohuwar cibiyar sana'ar ita ce jigawar da ke bayan tuddan rairayin bakin teku, tsakanin Haarlem da Leiden, wajen garuruwan Lisse da Hillegom. Rairayi ne da ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, ga kuma magudanai ko'ina da ake daidaita tsayin ruwan ƙarƙashin ƙasa da su. Yanzu dai mafi yawan tulip ya ƙaura zuwa arewacin lardin Noord-Holland da Flevoland, har da Noordoostpolder, ƙasar da aka janye wa ruwa a 1942. Sama da hekta 10,000 ake shuka wa tulip a ƙasar kowace shekara. A wuraren laka sun samo wata dabara: inji ya shimfiɗa doguwar raga, ya zuba albasar a kai, ya rufe da wata ragar, sannan ƙasa ta hau. Ranar tono sai a jawo ragar gaba ɗaya, ba sai an bi laka ana tsince ba. A jigawa kuwa wasu kan rufe kunyoyi da karan alkama, don kada iska ta kwashe rairayi, kada kuma ƙanƙara ta yi ɓarna.

Ba a maimaita tulip a gona ɗaya sai bayan shekara biyar ko shida, saboda cututtukan da ke zama a ƙasa. Shi ya sa da yawa daga cikin manoman ba su da gona tsayayya. Bana su yi hayar filin mai shanu, baɗi na mai dankali, su bi ƙasa mai tsabta duk inda take da taraktocinsu.

Aikin da ya fi burge ni a sana'ar nan yana zuwa ne daga Maris, da ganye ya fito sosai. Akwai mutanen da ake kira masu neman cuta. Mutum zai shiga tsakanin kunyoyi yana tafiya a hankali, kansa a sunkuye, idonsa na bin tsirrai dubbai waɗanda a wurinka duk iri ɗaya ne. Abin da yake nema ɗan ƙaramin abu ne: wani jan zane siriri a gefen ganye, ko dabbare-dabbaren kore mai haske, ko fure da launinsa ya tsage. Rana mai ƙarfi tana ɓoye waɗannan alamu, don haka sun fi son ranar da gari ya yi lumshi, wasu ma lema suke riƙewa su yi wa kunyar inuwa. Da ya gano mai cutar, ko ya tumɓuke shi ya jefa a buhu, ko ya ɗiga masa magani da wata 'yar sanda don ya mutu har albasarsa. Cutar ƙwayar bairos ce, wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke ɗaukarta daga wannan tsiro zuwa wancan, kuma ba ta da magani. Tsiro ɗaya da aka tsallake bana, baɗi ya zama goma. Ba a koyon wannan ido a aji. Yaro yakan bi bayan babba shekara da shekaru kafin a yarda ya shiga kunya shi kaɗai, kuma da tsohuwar zuma ake magani, don gonaki da yawa dattawa ne ke riƙe musu wannan aiki. Da yake masu irin wannan ido suna ƙaranci, yanzu an fara sakin injuna masu kyamara da ke bin kunya dare da rana suna yin aikin.

Wannan cutar da ake farauta yau ita ce ta taɓa haukata ƙasar. A shekarun 1630 furen da ya fi kowane tsada shi ne mai launi a tsattsage, fari da ja kamar harshen wuta, irin su Semper Augustus. Babu wanda ya san dalilin tsagewar, babu kuma wanda ya iya sa ta faru da gangan. Farashi ya yi ta hawa a hunturun 1636, ana cinikin albasar da ke binne a ƙasa da takarda kawai, har ya faɗi warwas a Fabrairun 1637, farawa daga Haarlem. Sai a 1928 wata masaniya a Ingila, Dorothy Cayley, ta nuna cewa abin da ake ta kashe kuɗi a kansa cuta ce mai yaɗuwa, wadda ke raunana albasar sannu a hankali.

Daga tsakiyar Afrilu gonakin ke kamawa. Dogayen layuka ja, rawaya, fari, shunayya, har iyakar ganinka. Baƙi na tururuwa da kekuna da motoci, wasu har su kutsa cikin kunya don ɗaukar hoto, su tattake tsiro, su kwaso cuta a takalmi daga wata gonar. Manoman sun gaji da roƙo, sun koma kafa alluna da shinge, kuma ina ganin da gaskiyarsu, don abincin shekara ne ake takawa. Amma wanda zai gama da furen gaba ɗaya shi ne mai gonar da kansa. Yakan bar shi ya buɗe na 'yan kwanaki, gwargwadon yadda zai tabbatar irin bai gauraya ba, masu neman cuta kuma su yi zagayen ƙarshe. Sannan ya shigo da inji mai wuƙaƙe masu juyawa ya bi kunya yana fille kawunan, ma'aikata na biye suna tsinke waɗanda suka tsira da hannu. Gonar da jiya ake zuwa kallo daga wata ƙasa, yau kore ce zalla, furanni zube a tsakanin kunyoyi.

Baƙo yakan ga wannan kamar ɓarna. Manomin albasa na Aliero ko na Galmi kuwa ba sai an yi masa bayani ba, ya san cewa albasar da ta tsaya fitar da fure da iri ba ta yin kai. Tulip ma haka ne. Idan aka bar furen, ƙarfin tsiron zai tafi ga yin iri, ganyen furen da ya zube a kan tsiro kuma ya jawo ruɓa. Idan aka cire shi aka bar kara da ganye, duk abin da tsiron ya samu daga rana cikin makonni shida ko bakwai masu zuwa ƙasa zai gangara. A can ƙasa kuwa uwar albasar da aka shuka ta riga ta ƙare, ta ba da kanta, a gurbinta akwai babbar 'ya guda da wasu ƙanana. Babbar ita ce ta kasuwa. Ƙananan su ne irin baɗi.

Ana tono a Yuni da Yuli, bayan ganye ya bushe. Daga nan aiki ya koma cikin sito: wankewa, busarwa, sai ɓarewa, wato a cire tsohuwar saiwa da busasshen ɓawon uwar, a raba 'ya'yan. Da can aikin hutun 'yan makaranta ne, kuma mutanen yankin da yawa da shi suka fara riƙe kuɗin kansu. Yanzu inji ya karɓi kaso mai yawa, sauran kuma ma'aikata 'yan ci-rani ne daga Folan da wasu ƙasashen gabashin Turai ke yi. Ba aiki ne mai daɗi ba. Ruwan jikin albasar yana cin fata, yatsu su tsattsage su yi ja, har ciwon yana da suna a wurin likitocin fata. Ana tace albasar da faɗin zagayenta, mai santimita 12 zuwa sama ita ce ta ɗaya. Ma'aikaci kuma yana aiki da hanci, don albasar da naman gwari ya kama tana da wani tsamin wari, tana kuma fitar da iskar da ke lalata furen sauran, shi ya sa fankoki ba sa tsayawa a siton.

A cikin wannan sito, cikin ɗumin kusan digiri 20, abin da matar gidan nan za ta gani a Afrilu ke samuwa. Wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta manomi kan ɗebi 'yan albasa ya tsaga su da reza, ya duba tsakiyarsu da madubin ƙara girma. A ciki akwai cikakken fure, ɗan mitsitsi, da dukkan sassansa. Sai ya ga haka yake sanin lokaci ya yi da za a iya fara sanyaya su. Kenan abin da ake sayarwa a jaka a kaka fure ne da aka riga aka gama, aka naɗe, yana jiran sanyi.

Kasuwar iri biyu ce. Kaso mafi girma yana tafiya wurin masu rumfunan gilashi, waɗanda ke yi wa albasar hunturun ƙarya a ɗakin sanyi, sannan su shigar da ita ɗumi ta yi fure cikin kusan mako uku, a yanka a sayar tun Janairu. Sauran shi ne na lambunan gida da na hukumomin birane, a Jamus da Ingila da Amurka da Japan da sauransu. Lambun Keukenhof da ke Lisse, wanda aka fara buɗe wa jama'a a 1950, tallar wannan kasuwa ce. Manoma ne ke ba da albasar, ana shuka kimanin miliyan 7 da hannu kowace kaka a fili mai hekta 32, a buɗe ƙofa na kusan mako takwas, sannan a tone a sake sabon zane. Mai son fitar da sabon iri kuwa sai ya yi dogon numfashi: daga ƙwayar iri zuwa furen farko shekara biyar zuwa bakwai ne, kafin ya tara abin da zai isa kasuwa kuma ana maganar shekara 20.

Tsofaffin ƙasar suna da wani tunanin daban game da albasar nan. A hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945, lokacin da sojojin Jamus suka toshe hanyoyin abinci zuwa yammacin ƙasar, kimanin mutum 20,000 suka mutu, kuma albasar tulip da yaƙi ya hana shukawa ita mutane suka dafa suka ci. Bayan yaƙin, a 1945, gidan sarautar Holan ya aika wa Kanada albasa 100,000 don godiya da mafakar da ta ba Gimbiya Juliana da 'ya'yanta, kuma har yau ana aikawa kowace shekara.

Sana'ar tana da nata laifin. Noman albasar fure na cikin masu shan maganin feshi da yawa a ƙasar, musamman furen lili, kuma a wasu ƙauyuka maƙwabta sun kai manoma kotu saboda feshi a kusa da gidajensu. A nan ban goyi bayan manoman ba. Wanda gonarka ta yi iyaka da tagar ɗakin 'ya'yansa yana da haƙƙin ya san abin da kake fesawa, kuma fure ba abinci ba ne da za a ce dole ce ta sa. Akwai masu noma ba tare da maganin ba, sai dai har yanzu 'yan kaɗan ne, albasarsu kuma ta fi tsada.

Ɗaya damuwar ta sama ce. Hunturu yana ƙara laushi, ƙwarin da ke yaɗa cuta suna fitowa da wuri, ruwan sama kuma yana zuwa ba a kan ƙa'ida ba. A 2023 ƙasar ta sha ruwan da ba ta taɓa ganin irinsa ba tun da aka fara ajiye lissafi, kuma kaso mai yawa a kaka ya sauka, daidai lokacin shuka. Taraktoci suka kasa shiga gonaki, wasu suka shuka a makare cikin taɓo, albasar da ruwa ya kwanta a kanta ta ruɓe. Girbin 2024 ya zo da ƙarancin manyan albasa, farashi ya tashi. A irin wannan shekara manomi yana da zaɓi mai wuya, domin 'yan matsakaitan da zai iya sayarwa da tsada yanzu su ne kuma irin da zai mayar ƙasa a Oktoba, kuma wanda ya sayar da irinsa sai ya yi shekaru kafin ya sake tara shi.