Kundin Tunawa Tsakanin Takarda da Na'ura: Misali Daga Gamawa

1.0 Gabatarwa

A gidaje da yawa na Gamawa da Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, akan sami wata adaka ko tsohuwar jaka wadda maigida yake tara takardun da yake ji da su. A ciki akan tarar da rasiɗin haraji da na jangali, da katin ɗaurin aure, da hotunan aikin hajji, da wasiƙun ajami, da shafukan da aka yanko daga jarida. Wasu sukan sami babban littafi su liƙa waɗannan abubuwa bi da bi, tare da ɗan bayani a ƙarƙashin kowanne. Irin wannan littafi ne wannan maƙala ta kira kundin tunawa. Manufarta ita ce ta kwatanta kundin takarda da takwaransa na na'ura mai ƙwaƙwalwa, sannan ta nuna matakan da mai son farawa zai bi.

Abin da ya jawo wannan nazari shi ne ambaliyar daminar 2022, wadda ta shafi ƙananan hukumomin Gamawa da Zaki. Mai wannan rubutu yana aiki nesa da gida, kuma da ya samu zuwa sai ya tarar ruwa ya shiga adakar mahaifinsa, takardu sun manne da juna. Hotuna kaɗan suka tsira, amma babu suna a bayan ko ɗaya, kuma dattawan da suka san masu fuskokin sun riga mu gidan gaskiya.

2.0 Ma'anar Kundi

Kalmar kundi ba baƙuwa ba ce a Hausa. Asalinta tarin warwaren takardu ne da malami yake rubuta addu'o'i da laƙanoni da fa'idojin da ya samo daga malamansa, ya adana a gafaka. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, har aka sami kundin digiri da kundin tsarin mulki. Ke nan Bahaushe ya san tara takardu tun kafin zuwan boko. Abin da zamani ya ƙara shi ne hoto da jarida, musamman bayan fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939.

Muhimmancin irin wannan kundi ya wuce gida ɗaya. Bayanin da ake yawan kawowa game da birnin Katagum na farkon ƙarni na 19 na baƙo ne, wato Clapperton, wanda ya sauka a can a 1824. Haka kuma littafin Victor Low na 1972 a kan masarautun Gombe da Katagum da Haɗeja ya dogara ƙwarai da tarihin baka. Duk takardar da wani gida ya adana, shaida ce da mai bincike zai iya jingina da ita wata rana.

3.0 Kundin Takarda

Babban ƙarfin takarda shi ne ba ta bukatar lantarki ko wata na'ura kafin a karanta ta. Littattafan da malaman jihadi suka rubuta a kan takarda mai alamar jinjirin wata uku, wadda ake kawowa daga Italiya, har yau ana karanta su bayan kusan shekara 200. Ban da haka, takarda tana ɗauke da rubutun hannun mai ita da hatiminsa.

Rauninta kuma sananne ne. Gara da ɓera da kyankyaso da danshin damina da gobara duk abokan gabarta ne, kuma kwafi ɗaya tak ake da shi. Takardar jarida ta fi saurin lalacewa, domin daga ɓagaren itace ake yin ta, kuma sinadarin da ke cikinta yakan sa ta yi ja ta dinga karyewa. Salatif yakan bar tabon da ba ya fita. Rufe takarda da leda mai zafi, wanda ake yi a shagunan kwamfuta, ba shi da gyara idan an yi shi, saboda haka ma'aikatan adana kayan tarihi ba sa yarda da shi ga takarda mai daraja.

4.0 Kundin Na'ura

Kundin na'ura shi ne a ɗauki hoton kowace takarda, a jera su a shafuka cikin kwamfuta ko wayar hannu, a rubuta bayani a ƙarƙashinsu. Tun da wayar salula ta yaɗu a Nijeriya daga 2001, sannan wayoyi masu kyamara suka biyo baya, wannan aiki ya zo hannun kowa. Ana iya yin kwafi ko nawa ba tare da ingancinsa ya ragu ba, ɗan'uwan da ke Legas ko Jidda ya gani a rana ɗaya. Ana kuma iya haɗa hoto da murya, abin da takarda ba za ta iya ba.

Sai dai na'ura ma tana da tata garar. A 1986 gidan rediyon BBC ya tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan wasu faya-faye na musamman domin cikar littafin ƙidayar ƙasa na 1086 shekara 900. Kafin a yi shekara 20, na'urar karanta faya-fayen ta yi wuyar samu, alhali littafin na 1086 yana nan ana karanta shi. A 2019 kamfanin MySpace ya sanar da ɓatan waƙoƙin da jama'a suka ɗora masa na tsawon shekara 12. Daga Disamba 2023 kuma Google ya fara aiki da ƙa'idar share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. A nan gida, satar waya da lalacewar katin memori da mutuwar mai kalmar sirri sun isa su shafe kundi gaba ɗaya.

5.0 Matakan Farawa

Na farko, a fara da bayani kafin ado. A zauna da dattawan gida, maza da mata, a nuna musu hoto ɗaya bayan ɗaya, a rubuta suna da laƙabi da wuri da shekara. Idan ba a tuna shekarar ba, a rubuta zamanin sarkin da ake ciki ko wani abin da ya faru, kamar yadda aka saba ƙirga shekaru. A naɗi muryoyinsu, domin da haka an adana har da karin harshen Guddiranci.

Na biyu, a ɗauki hoton a inuwa mai haske, a shimfiɗe takardar sosai, a ɗauki gaba da baya. Idan da na'urar sikana za a yi, ɗigo 300 a kowane inci ya wadatar ga takarda, 600 ga ƙaramin hoto.

Na uku, a ba kowane fayil suna mai ma'ana wanda ya fara da shekara, sai gari, sai abin da ke ciki. Na huɗu, a ajiye kwafi uku: a kwamfuta, da a filas, da kuma a wurin ɗan'uwa a wani gari ko a intanet. A lura cewa WhatsApp yakan rage ingancin hoto, sai dai idan an tura shi a matsayin fayil. Na biyar, a mayar da takardun asali cikin adaka, a ɗora ta a kan wani abu nesa da ƙasa da bango.

6.0 Matsalar Rubutun Hausa

Akwai matsalar da ta keɓanta da harshenmu. A shekarun 1990 an yi amfani da wasu nau'o'in haruffan kwamfuta da aka ƙera musamman domin ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda sukan rikiɗe zuwa wasu alamomi idan an buɗe rubutun a wata na'ura. Wajibi ne a rubuta bayani da haruffan Unicode, waɗanda kowace waya ta zamani ta sani. Wanda ya yar da lanƙwasa ya mayar da ƙafa kafa, ya mayar da ɓari bari. Wasiƙar ajami kuwa a ɗauki hotonta yadda take, a rubuta ta da boko a gefe, tun ana samun masu iya karanta hannun marubucinta.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kowane ɗaya daga cikin kundayen biyu yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa: takarda tana jure shekaru amma kwafinta ɗaya, na'ura tana yawaita kwafi amma tana bukatar kulawa kullum. Saboda haka bai kamata mai farawa ya yar da na takarda don ya sami na na'ura ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne bayanin da ke bakin dattawa, domin ana iya sake ɗaukar hoton takarda gobe, amma ba a sake tambayar wanda ya rasu. Ana fatan sassan nazarin harsunan Nijeriya za su sa ɗalibansu, musamman 'yan wannan yanki, su mayar da tattara kundin gidajensu wani ɓangare na aikin bincikensu na kammala karatu.