Renon Abarba da Danginta a Tsakar Gidan Haɗejiya

Duk wanda ya sayi abarba a kasuwar Haɗejiya, ya yanke tukkun ganyen da ke kanta ya jefar a juji, haƙiƙa ya zubar da wata shuka ta ado wadda ma'abota furanni ke kashe kuɗi wajen neman 'yan'uwanta. Abarba tana cikin wani babban dangi na tsirrai da masana suka laƙaba wa sunan Bromelius, wani malamin ilimin tsirrai na ƙasar Suwidin, kuma asalin dangin nan duka daga nahiyar Amurka yake, in ban da nau'i guda da Allah cikin ikonsa ya tsirar a duwatsun ƙasar Gini. Kolumbus ya tarar da abarba a tsibirin Gwadalup a 1493, daga bisani jiragen Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka.

Abin da ya wajaba mai reno ya fahimta tun farko shi ne, ɗabi'ar wannan dangi ta saɓa wa duk abin da manomin fadama ya gada, domin shi ya saba da shinkafa, wadda ke ƙoshi idan ƙafarta na cikin ruwa, alhali da yawa daga 'yan'uwan abarba a kan rassan itatuwa suke rayuwa, saiwarsu ta riƙo ce kawai, suna shan ruwan da ganyensu ya tara a tsakiya kamar ƙoƙo. Saboda haka wanda ya ɗebo baƙar lakar bakin kogi ya cika tukunya da ita, yana zaton ya kyautata, to ya yi sanadin ruɓewar shukarsa. Abin da ya dace shi ne yashi, da ɓuntun shinkafa wanda ba ya wuya a garin nan, da ɗan dakakken gawayi, a zuba cikin kaskon da aka huda gindinsa. Tukkun kuwa a zare masa ganyen ƙasa, a bar shi ya sha iska kwana biyu ko uku kafin a dasa, sannan kada a ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe.

Ita abarba tana son rana, amma nau'o'in ado irin su Guzmaniya, masu jan kai, ranar bazara ta watan Afrilu tana ƙone su, sai dai a ajiye su ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya. Da hunturu kuma a riƙa yayyafa wa ganyen ruwa ana goge ƙura. Ruwan sama da aka tara daga indararo ya fi na burtsatse, wanda sau da yawa yake barin farin gishiri a ganye. Wajibi ne kuma a tuntsurar da ruwan ƙoƙon nan duk mako a sake sabo, gama a ƙasar da sauro ya riga ya yi mana yawa, ba hikima ba ce mutum ya gina masa wurin ƙyanƙyasa a ƙofar ɗakinsa.

Fure kuwa sai an yi haƙuri, domin abarbar tukunya takan kai shekara biyu ko fiye kafin ta fitar da shi. Idan ta girma ta ƙi, akan rufe ta cikin leda tare da nunanniyar ayaba na kamar mako guda, a inuwa, saboda iskar da ayabar ke fitarwa tana zaburar da ita. Sau ɗaya tak kowace uwa ke fure a rayuwarta, bayan haka sai ta soma yaushi sannu a hankali, kuma a nan ne mutane da yawa kan jefar da ita bisa kuskure, alhali a lokacin ne take fitar da 'ya'ya a gefen gindinta. Idan ɗan ya kai sulusin tsawon uwar ko rabinsa, sai a raba shi da wuƙa mai tsabta, a ba shi nasa kaskon.