Linzami da Ƙaimi: Awon Jijiyoyi Masu Cin Gashin Kansu a Jikin Jarirai

A cikin jikin ɗan Adam akwai wasu jijiyoyi waɗanda ba sa jiran umarnin mai jikin. Su ne ke tafiyar da bugun zuciya, da fitar gumi, da narkar abinci, da daidaita ɗumin jiki, ko mutum yana farke ko yana barci. Wani masani Bature ɗan Ingila, John Langley, shi ya laƙaba musu suna a 1898, sunan da za mu iya cewa da Hausa "jijiyoyi masu cin gashin kansu". Reshe biyu gare su. Ɗaya kamar ƙaimi yake, yana zaburar da zuciya idan an firgita. Ɗayan kuwa linzami ne, yana ja mata baya. Babbar jijiyar linzamin ita ce ta goma daga cikin goma sha biyun da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa.

To, jinjiri ba ya magana, balle ya faɗi inda ke masa ciwo, sai dai a tambayi jijiyoyin nan. Zuciyar sabon haihuwa takan buga kimanin sau 120 zuwa 160 a minti ɗaya, ta baligi kuwa 60 zuwa 100, domin linzamin jariri bai gama ƙwari ba. Abin mamaki, zuciya mai lafiya ba ta tafiya daidai wa daida kamar agogo. Takan ɗan yi sauri idan an ja numfashi, ta sassauta idan an sake shi. Ana maƙala wa ƙirjin yaro wayoyin na'urar awon zuciya, a auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Idan tazarar ta daina sauyawa, wato linzami ya saki. A wajen bakwaini an lura cewa wannan alama takan riga zazzaɓi bayyana idan cuta ta shiga jini.

Irin wannan awo sai babban asibiti. Uwar da ke Tsaskiya, cikin ƙasar Safana, kusa da dajin Rugu inda ɓarayin daji suka sa tafiya ta zama abin fargaba, ba kullum za ta kai Katsina ko Dutsin-ma ba. A ganina, a nan ne awon hannu da ido ya fi na'ura daraja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙirga numfashi minti ɗaya cur, yaro yana kwance lafiya lau, ba yana kuka ba, domin kuka kansa ƙaimi ne. Idan ya kai 60 ga wanda bai yi wata biyu ba, ko 50 daga wata biyu zuwa shekara, ko 40 daga shekara zuwa biyar, to ana zaton ciwon huhu. Haka nan a danna farcensa har ya yi fari, a saki. Idan jini ya wuce daƙiƙa uku bai komo ba, ga tafin hannu da sanyi, jiki ya janye jini ke nan zuwa ciki don ceton zuciya da ƙwaƙwalwa.

Yaro mai tamowa shi ne ya fi ruɗarwa. Cuta na iya cinsa jikinsa bai yi zafi ba, sai ma ya yi sanyi, musamman da asubahin hunturu. Ma'aunin zafi a hammata ya nuna ƙasa da 35, a rungume shi fata da fata, a lulluɓe har kai, a ba shi nono, a nemi asibiti a ranar.