Ganyen Maryama Makiyayiya: Daga Halwa Zuwa Kasuwa

A cikin duwatsun jihar Wahaka ta ƙasar Meksiko, inda hazo ke kwana bisa itatuwa, akwai wata al'umma da ake kira Mazatek, waɗanda suka daɗe suna renon wani tsiro ɗan dangin na'ana'a a gefen ƙoramu masu inuwa, suna ce masa ganyen Maryama makiyayiya, alhali masana tsirrai sun raɗa masa suna Salvia divinorum. Da wuya ya yi iri mai tsirowa. Galibi reshensa ake karyawa a dasa.

Mazatek ba don nishaɗi suke taɓa shi ba. Idan cuta ta buwaya, ko wani kaya ya ɓace aka rasa tafarkinsa, sai bokansu ya tsinko ɗanyen ganye, ya ƙidaya shi bibbiyu, a tauna ko a murje cikin ruwa a sha, da dare, cikin duhu da tsit, bayan addu'o'i irin nasu, domin a itiƙadinsu haske da hayaniya suna korar abin da ake neman gani. Kuma akan gindaya wa mai sha sharuɗɗa, har da ƙaurace wa shimfiɗar iyali na 'yan kwanaki.

A shekarar 1962 wasu masu bincike biyu, Gordon Wasson da Albert Hofmann, suka samo tsiron daga hannun mutanen nan, aka siffanta shi a littattafan ilmi. A 1982 wani mai bincike, Alfredo Ortega, ya tsamo sinadarinsa, mai suna salvinorin A, wanda abin da bai kai miligram ɗaya ba ya isa ya gusar da hankalin ƙato. A 2002 kuma aka tabbatar da cewa wata kafa ta ƙwaƙwalwa, da ake kira kappa, yake kamawa, shi ya sa har yau likitoci ke nazarinsa, la'alla a dace da maganin raɗaɗi ko na jarabar ƙwaya.

Amma da labarinsa ya kai kunnen 'yan kasuwa, sai suka busar da ganyen, suka ninka ƙarfinsa, suka baje shi a intanet, samarin Amurka da Turai suka riƙa zuƙar hayaƙinsa, abin da al'adar Mazatek ba ta sani ba. Kafin ƙiftawar ido mutum ya manta sunansa da inda yake, ya yi ta tangaɗi na 'yan mintoci, abokai na ɗaukar hotonsa suna dariya. Ostareliya ta haramta shi a 2002, Ingila a 2016, jihohin Amurka da dama ma haka.

Mu da muka ga yadda zaƙami ke mai da saurayi abin tausayi a gidan biki, ba ma bukatar dogon sharhi. Fuƙaha'unmu sun lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, saboda haka mai karatu ya riƙe nasa da kyau, ko da ganyen ya zo masa da sunan magani.