Darasin Insha'i: Sharuɗɗan Da Za Mu Gindaya Wa Ɗalibai Tun Ranar Farko

A makarantun Dindir da Sinja da Mai Wurno, ɗan Bahaushe da Hausa yake tunani a gida, amma da Larabci ake so ya rubuta insha'i a aji. Yanzu da yara ke komawa karatu bayan yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, ya kuma iso yankinmu a 2024, akwai sashen insha'i da bai kamata mu yi wasa da shi ba: rubutun gamsarwa, wato shawo kan mai karatu da hujja.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Lokacin rikicin Nilul Azrak na watan Yulin 2022, wanda ya taso kan batun ƙasa da sarauta, Hausawa sun fito zanga-zanga har a Khartum da Kasala. Duk wanda ya leƙa Facebook a kwanakin nan ya ga zage-zage ta kowane ɓangare. Amma ranar da za a shiga ofis kan gona ko makaranta ko takardar ɗan ƙasa, rubutaccen koke ake karɓa. To wa zai rubuta mana shi gobe? Yaran nan da ke gabanmu ne.

Shi ya sa ya kamata malami ya faɗa musu abin da yake jira daga gare su tun kafin su ɗauki biro.

Na farko, ɗalibi ya san wanda yake rubuta wa, ya kuma nemi abu ɗaya tak. In shugaban makaranta ne, kuma famfon ruwa ake so a gyara, to a tsaya kan famfo. Mai haɗa koke biyar a takarda guda, da wuya a amsa masa ko ɗaya.

Na biyu, kowace magana ta zo da hujjar da za a iya dubawa. "Kowa ya sani" ba hujja ba ce. Wanda ya ce mun daɗe a Sudan, ya kawo shaida: Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya taso da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, garin ma sunansa ya ci, kuma kakanninmu sun yi aikin auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925.

Na uku, kuma shi ne mafi wuya ga yara, a kawo ra'ayin abokin hamayya yadda shi kansa zai yarda haka ya ce, sannan a ba shi amsa. Muna da abin koyi a gida. Shehu Aminu Alkanemi na Barno ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello kan halaccin jihadi, kuma Bello ya saka sukar Alkanemi cikin littafinsa Infaƙul Maisuri kafin ya yi raddi. Sun yi saɓani mai zafi, amma bai ɓoye maganar abokin jayayyarsa ba.

Na huɗu, babu zagi, babu yi wa wata ƙabila kuɗin goro, babu kwafowa daga waya. Wanda ya yi haka, a mayar masa ya sake.

Haka kuma a gaya musu yadda za a raba maki. A ganina rabi ya tafi ga hujja, ragowar ga tsari da nahawu, don kada yaron da Larabcinsa bai gama nuna ba ya fid da rai. A bar su su fara tattauna batun da Hausa, in tunani ya zauna sai a zuba shi cikin Larabci. Su sani tun farko cewa rubutun farko ba shi ake ba maki ba, sai wanda aka gyara.

Iyaye ma suna da rawar takawa. In yaro ya kawo ra'ayinsa cikin ladabi, kada a ce masa ya cika baki. A tambaye shi: mene ne hujjarka? Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.