Iyayen asusu na Dakoro: Matan da suka haura shekara 30 suna yi wa jama'a aiki babu albashi

A ƙauyukan gundumar Dakoro da ke arewacin jihar Maraɗi, akwai dattawan mata da ba su da ofis, kuma sunansu ba ya cikin jerin ma'aikatan gwamnati. Amma su ake fara nema idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, ko yaro ya fara ramewa, ko rumbu ya ƙare kafin sabon gero ya nuna.

Da yawansu ungozomomi ne ko shugabannin asusun mata. Sun raini ƴaƴansu, sun raini na maƙwabta, yanzu kuma jikoki ne a hannunsu. Tsufa ya fara cim musu a daidai lokacin da agajin ƙasashen waje ke ja da baya.

Rayuwa tsakanin fari da fari

Dakoro na kan iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo, inda Hausawa da Fulani da Buzaye ke zaune tare a kewayen kwarin Tarka. Ruwan sama ba shi da tabbas, shi ya sa da an gama girbi maza da dama kan tafi ci-rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, su bar gida a hannun mata.

Macen da aka haifa a yankin a 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai, tana da shekara 13 aka yi babban farin 1973. Tana da 24, mai yiwuwa da goyo a bayanta, aka shiga yunwar 1984, wadda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari. Yau ta haura 60, a ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai wuce 60 da ƴan kai ba.

Nauyin da ta ɗauka ba ƙarami ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa a matsakaici macen Nijar na haihuwar yara 7.6, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya a wancan lokaci.

Akwati mai kwaɗo uku

A 1991 ne wata ma'aikaciyar ƙungiyar CARE ƴar ƙasar Norway, Moira Eknes, ta zauna da matan ƙauyen Kagadama a jihar Maraɗi suka fara tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Tushensa adashi ne da matan suka saba da shi tun kaka da kakanni, sai dai an ƙara masa ƙa'ida.

Mata 15 zuwa 30 kan haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, ko da dala ashirin ce. Kuɗin na shiga akwati mai kwaɗo uku, makullan kuma a hannun mata uku daban-daban, don kada a buɗe sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ci bashi ta yi sana'ar ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa ko kiwon akuya, ta biya da ɗan ƙarin da suka amince da shi. Idan zango ya cika a raba uwar kuɗi da riba. A gefe guda akwai ƙaramin asusun taimako, na rashin lafiya da rasuwa da gobara.

Babu kuɗin wata ƙungiya a cikin akwatin, gumin matan ne kawai. Wannan ne ya sa tsarin ya ɗore ko bayan masu horarwa sun tafi, ya bazu a Nijar, sannan ya tsallaka ƙasashe da dama na Afirka da Asiya inda miliyoyin mutane ke amfani da shi.

Daga asusu wasu ƙungiyoyin suka kafa bankin cimaka: su sayi gero da kaka yana da araha, su fitar da shi tsakiyar damina lokacin da farashi ya tashi. Wasu matan kuma a nan suka koyi magana gaban jama'a. Bayan dokar ware wa mata kaso ta 2000, ƴan asusu na cikin waɗanda suka tsaya takarar kansila a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004.

Shekarar 2005 da igiyar awon hannu

Fari da farin ɗango sun lalata amfanin gona a 2004, shekarar da ta biyo baya kuma tamowa ta yi wa yara mummunan kamu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara a Dakoro, kuma a faɗin Nijar ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a 2005. A 2006 gwamnati ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.

Darasin da aka koya shi ne, yaron da aka kai asibiti a makare wuyar ceto gare shi. Daga baya ƙungiyar BEFEN ta Nijar da abokiyar aikinta ALIMA suka fara koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da wata igiya mai launi uku, da farko a Mirriya ta jihar Damagaram, kafin aikin ya iso Dakoro. Kore lafiya lau, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, sai a garzaya likita. Bincike ya tabbatar cewa iyayen na gano cutar kamar yadda jami'an sa-kai da aka horar ke ganowa, ko da ba su taɓa shiga aji ba.

Wa zai karɓi makullan?

Abubuwa sun sauya a ƴan shekarun nan. Takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya rufe iyakar Najeriya har zuwa Maris na 2024, lamarin da ya taɓa ƙananan sana'o'in da bashin asusu ya dogara da su. A Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, kansiloli mata suka rasa kujerunsu tare da sauran. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID.

Abin da ya rage a ƙauye shi ne wanda matan suka gina da kansu. Sai dai ƙa'idojin asusu, da sanin wanda ya ci bashi da wanda ya biya, da dabarar sasanta rikici, galibi a ƙwaƙwalwar dattawan suke, domin kaɗan ne cikinsu suka yi boko.

A nan ne batun ya shafi ƴaƴansu da ke Maraɗi da Yamai da Kano da Tamanrasat. Kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko wa mahaifiyarsa sau da yawa ba ya tsayawa a tukunyar gida: wani kaso na shiga akwati, ya zama jarin maƙwabciya ko kuɗin motar kai yaro asibiti. Ƴan matan da suka yi makaranta kuwa su ne za su iya riƙe littafin lissafi, idan an ja su a jiki tun dattawan na da ƙarfin koya musu.

Hausawa na cewa icen da ka hau, kada ka sare shi. Ga Dakoro, icen shi ne taron mako-mako da waɗannan iyaye suka riƙe sama da shekara 30, kuma makomarsa ta rataya ne a kan ko za a samu matasan da za su zauna kan tabarmar bayansu.